Dariyar Uba: Silima, Rediyo da Kaset a Tarihin Gidan Bahaushe

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai wani hali da ƴaƴa suka san mahaifinsu da shi, ko da yake ba su cika faɗinsa a gabansa ba. Mutumin da ya wuni fuska a ɗaure, wanda ko sunan ɗansa na fari ba ya kamawa, da zarar an kunna wata tsohuwar waƙar Shata ko an ambaci wasan Yazi Dogo, sai ya gyara zama, ya ture hula gefe, ya shiga ba da labarin da kowa a gidan ya riga ya haddace. A cikin labarin nan shi ne kullum na ɗaya a ajinsu, har ƴaƴan su riƙa tambayar juna a ɓoye ko wane ne ya taɓa zuwa na biyu a zamanin iyayensu. Shi ne ya yi tafiyar ƙafa mai nisa zuwa lakol, nisan kuwa duk shekara ƙaruwa yake yi. Shi ne kuma da ba don ciwon gwiwa ba da ya shiga fili ya gwada ƙarfi da Kantu. Uwargida takan ce, «Malam, ai bara ba haka ka faɗa ba,» shi kuwa ya ce bara bai gama tunawa ba ne.

Wannan raha tana da tarihi. Domin al'adar Bahaushe ba ta tanadar wa uba wurin yin wasa da ƴaƴansa ba, kuma abin da ya buɗe masa wannan ƙofa, a cikin shekaru kamar hamsin na ƙarni na 20, shi ne silima da rediyo da dandalin wasan kwaikwayo da kaset. Wanda ya fahimci haka zai gane dalilin da ya sa dattawan yau suke riƙe da kayan nishaɗin ƙuruciyarsu kamar gadon gida.

Yadda al'ada ta raba wasa

Hausawa ba su ƙi raha ba, sai dai sun tsara wa kowa abokin yin ta. Kaka yana kiran jikanyarsa amaryarsa, kaka mace tana kiran jikanta mijinta, tana yi masa gorin kuɗin cefane tun bai iya tafiya ba. Ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, suna tsokanar juna har tsufa, suna bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Tsakanin ƙabilu ma haka abin yake: Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, Ba'are da Bafillace, kowa yana iya gaya wa ɗan'uwansa maganar da a bakin wani za ta jawo faɗa. Wannan wasan dangi na ƙasar Nijar ya kai ga hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2014.

A cikin wannan rabo uba bai samu kaso ba. Tsakaninsa da ƴaƴansa kunya ce da kwarjini. Ɗan fari sai dai a ce masa «kai» ko «yaron nan». Yaron da aka sa wa sunan kakansa sai a laƙaba masa Abba ko Baba, don bakin uba ba zai kama sunan mahaifinsa ba. Maigida yana cin abinci a zaure tare da maƙwabta, can ne ake jin ƙyaƙyatawarsa, amma da ya yi gyaran murya ya shigo cikin gida sai surutu ya lafa. Masu sana'ar ban dariya kuwa, irin su ƴan kama da ƴan gambara, a kasuwa da wurin biki suke, kuma mutum mai iyali yakan saurare su ne daga nesa, yana murmushi a cikin rawani. Yara suna da tashe a watan azumi, inda suke kwaikwayon tsofaffi da malamai da gwauraye, samarin Damagaram kuma suna da wasan kara, inda suke kwaikwayon sarakuna da masu mulki da kayan da suka ƙera da karan dawa. Duk waɗannan wasanni ne na waɗanda ba su riga sun zama iyaye ba, don da mutum ya yi iyali ake sa ran ya ajiye su.

Samarin da suka ari sunaye

Abin da ya fara sauya wannan tsari shi ne silima. Tun cikin shekarun 1950 samarin Nijar da suka tafi ci-rani biranen gaɓar teku suka haɗu da finafinan Amurka da na Faransa, suka kuma ari sunayen ƴan wasansu. Fim ɗin Jean Rouch mai suna «Moi, un Noir», wanda ya fito a 1958, ya nuna irin waɗannan samari a unguwar Treichville ta Abijan. A cikinsa Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama babban mai shirya finafinai, yana amsa sunan Edward G. Robinson, abokinsa kuma Eddie Constantine. Ƴan ci-rani ne masu neman na tuwo, amma da dare ya yi kowannensu tauraro ne a idon kansa.

A 1966 Moustapha Alassane ya mayar da wannan ɗabi'a abin dariya a fim ɗinsa «Le Retour d'un aventurier». Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi, suka canza sunaye, suka hau dawaki, suka hana ƙauyensu sakat. Zalika Souley tana cikin ƴan wasan. Dattawan ƙauyen a cikin fim ɗin suna kallon ƴaƴansu cikin mamaki da takaici, kamar yadda dattawan gaske suke kallon nasu a lokacin. Abin lura shi ne, tsaran waɗancan kaboyi na 1966 su ne kakannin yau, masu carbi a hannu, masu faɗa a kan askin jikokinsu.

Bayan kaboyi sai finafinan Indiya da na Sin suka mamaye gidajen silima marasa rufi na manyan garuruwa, daga Kano har Yamai. «Mother India» na 1957 ya daɗe ana maimaita shi, «Sholay» na 1975 ya biyo baya, «Disco Dancer» na 1982 kuma ya koya wa samari wata sabuwar tafiya. Masu kallo a ƙasar Hausa sun raɗa wa ƴan wasan sunayen gida: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Ba a fassara finafinan a wancan lokaci, don haka a kowane benci akwai wanda ya ɗora wa kansa aikin tafinta ba tare da ya san ko kalma goma ta Indiyanci ba. Da yawa daga cikin waɗannan tafintoci suna nan da ransu, kuma har yau idan aka sa tsohon fim a gida sukan riga ɗan wasa faɗin abin da zai ce, wani lokaci ma su gyara masa. Mutuwar Bruce Lee a 1973 ba ta hana yaran unguwa karya tukwanen iyayensu mata da sunan gwajin kareti ba, shekaru da dama bayan haka.

Shaidar wannan zamani tana cikin akwatunan ƙarfe na gidaje, a hotuna baƙi da fari da aka ɗauka a shagon mai hoto: saurayi da suma tuli, da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, da takalmi mai tudu, ya dafa rediyo ko ya jingina da babur ɗin da ba nasa ba. Ranar da ƴaƴa suka tono irin wannan hoto, maigida yakan fara da cewa ƙanensa ne, kafin daga baya ya amsa, ya kuma ƙara da cewa a unguwarsu babu wanda ya kai shi iya ado.

Akwatin maigida

Silima a waje take, kuma ba kowane uba ne yake yarda an san yana zuwa ba. Rediyo ce ta shigo har tsakar gida. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo a 1962, aka kafa hukumar ORTN a 1967, sannan a 1974 gidan rediyon ya ɗauki sunan Muryar Sahel. Daga waje kuma BBC ta fara shirin Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Rediyon Kaduna, mai dogon zango, ana kama ta a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni kamar a cikin garin take. Ƙaramar rediyo mai aiki da pil ta zama kayan maigida na musamman, tana da rigarta ta fata ko ta saƙa, ba mai taɓa ta sai da izini. Idan pil ya yi sanyi a shanya shi a rana, idan murya ta shaƙe a ɗan mare ta a gefe, kuma kowane uba yana da tabbacin cewa hannunsa kaɗai ta sani.

Muhimmancin rediyo a wannan tarihi shi ne, ta kawo wani na uku cikin gida. Uba ba zai tsokani ɗansa ba, amma idan ɗan wasan da ke cikin akwati ya yi abin dariya, babu laifi a yi dariya tare. A Kaduna, Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne, ya fito da Samanja Mazan Fama, mai gaurayen Hausar bariki da tsawa da fankama, wanda kullum dabararsa take komawa kansa. Yusuf Ladan ya rubuta «Zaman Duniya Iyawa Ne». Ƙasimu Yero ya yi suna da Karambana. Iyaye suka ari muryoyin waɗannan mutane. Mahaifin da yake son tayar da yara sallar asuba sai ya yi musu tsawar Samanja, su tashi suna dariya, umarni ya isa, kwarjini kuma bai zube ba, domin a ƙa'ida ba shi ne ya yi wasan ba, Samanja ne.

Dandali da talabijin

A Nijar, zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ya zo da farfaɗo da samariya da bikin matasa na ƙasa, inda jihohi suke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Damagaram, wadda Yazi Dogo, malamin makaranta, yake cikin jagororinta, ta yi fice a rediyo da dandali, daga baya kuma a Tele Sahel, wadda ta fara aiki sosai a ƙarshen shekarun 1970. Ƴan wasan ba su dogara da rubutaccen littafi ba. Sukan zauna su tsara ƙashin labari, kowa ya san matsayinsa, maganar kuwa sai a kan dandali take fitowa, da Hausar kasuwa da ta fada da ta ofis.

Abin da ya fi jan hankali a waɗannan wasanni shi ne wanda aka fi yi wa dariya. Sau da yawa maigida ne: alhajin da kuɗi suka ruɗa, mai mata biyu da ya rasa inda zai sa kansa, uban da yake son aurar da ƴarsa don abin duniya, ƙauye da ya shigo birni ya ɗauki kowane mai kaki kwamanda. Hukuma tana son wasannin su yi gargaɗi a kan cin hanci da almubazzaranci da ƙin sa yara lakol, kuma sun yi. Amma a gefe guda sun yi wani aikin da ba a sa su ba, wato sun nuna uba a matsayin mutumin da ake iya yi wa dariya ba tare da an raina shi ba. A lokacin akwatin talabijin ɗaya yakan tara unguwa guda, a ƙauyuka kuma akwai wuraren kallo na jama'a da ke aiki da hasken rana. Uba yana kan kujera, yara suna ƙasa, ana nuna wani alhaji yana ɓoye kuɗin cefane a cikin hula, kowa ya san wanda abin ya yi kama da shi, shi ma ya sani, shi ne ma yake fin kowa dariya yana cewa wane ne maƙwabcinsu sak.

Kokowa ma ta ba da nata kason. An fara gasar ƙasa ta neman takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, rediyo kuma ta kai labarin kowace karawa har rugage. Tun daga lokacin babu uban da bai taɓa zama gwanin kokowa ba a bakinsa. Yakan tashi tsaye ya nuna yadda Kadade ko Salma Ɗan Rani suke kama ƙafa, zani ko babbar riga tana harɗe shi, yara suna riƙe ciki.

Kaset da bik

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma sai cikin shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin uraniyom a Nijar da na man fetur a Nijeriya suka cika kasuwanni da rikoda, ya zama kayan kowa. Ta kan iyakar Jibiya da Magarya da Ƙonni kaset-kaset na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Ɗan Ƙwairo da Ɗan Anace suka riƙa shigowa, na Ɗan Gurmu da sauran mawaƙan Nijar kuma suna bi ta hannun masu kwafi a bakin tasha. Kaset ya ba maigida ikon da rediyo ba ta ba shi ba, wato ya zaɓi abin da za a ji, ya kuma maimaita shi har sai zaren ya tsinke. Idan rikoda ta haɗiye zare, sai a zaro shi a hankali, a soka bik a naɗe, a liƙe inda ya yanke da jan farce ko ɗan salatif. Shi ya sa akwai waƙoƙin da ƴaƴan wasu gidaje suka haddace da giɓi a tsakiya, sai da suka girma suka ji su a wani wuri suka gane cewa akwai baiti guda da rikodar babansu ta cinye.

Da bidiyo ta zo, finafinan Hausa na Kano suka biyo, tun daga «Turmin Danya» a 1990. Iyaye da yawa sun yi tir da rawa da waƙar da ke cikinsu, suna cewa kwaikwayon Indiya ne, kamar ba su ne suka cika gidajen silima don kallon Indiyan ba. Amma Rabilu Musa Ibro ya samu shiga inda sauran ba su samu ba. Uban da ya hana kallon fim yakan tsaya a bakin ƙofa «don ya ga abin da yaran ke kallo», a ƙarshe a same shi zaune.

Bara da bana

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai gaskiya a ciki, amma baran da iyaye suke tunawa ba duka zuma ba ce. Sun ga farin 1973 da 1974, sun ga yunwar 1984, wadda talakawan Nijar suka raɗa wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a zamanin mulkin soja na Janar Buhari. Sun ga faɗuwar farashin uraniyom, sun ga karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, ma'aikata daga cikinsu kuma sun yi watanni suna jiran albashi a cikin shekarun 1990. Mutanen da suka iya raɗa wa yunwa sunan barkwanci ba su manta wahala ba. Sun dai zaɓi abin da za su miƙa wa ƴaƴansu daga cikin abin da suka gani. Uba ba zai zauna ya ce wa ɗansa ya ji tsoro a shekara kaza ba, ko ya kwana da yunwa, ko ya so wata yarinya aka hana shi. Kunya ba ta bar masa wannan hanya ba. Abin da zai iya shi ne ya ce a zamaninsu da dala kaɗan ake shiga silima har a ci tsire a hanya, ya rera rabin waƙar Indiya da kalmomin da shi ya ƙirƙiro, ya bar mai hankali ya tsinci sauran. Ƙarin gishirin da yake yi, da maimaitawar da take gundurar yara, su ne kuɗin fiton da labarin yake biya kafin ya ƙetare kunya.

Abin da ke hannun ƴaƴa

Waɗanda suka ba iyaye aron murya suna ta tafiya. Oumarou Ganda ya rasu a 1981, Shata a 1999, Ibro a 2014, Ɗan Maraya da Moustapha Alassane a 2015, Ƙasimu Yero a 2017, Zalika Souley a 2021, Samanja a 2023. Yawancin tsofaffin gidajen silima sun rufe. Wasannin da aka yi ba tare da rubutu ba, rayuwarsu tana kan zaren kaset ne kawai, zare kuwa ba ya jure zafi da ƙura. Wani ɓangare ya tsira a wayoyin hannu da YouTube, inda matasa suke tura wa juna guntayen tsofaffin wasanni, sau da yawa babu suna babu shekara.

Yanayin kallon ma ya sauya. Rediyo ɗaya da talabijin ɗaya sun tilasta wa gida zama wuri guda, wayar hannu kuwa ta ba kowa nasa allo da abin toshe kunne. Iyayen yau masu ƙananan shekaru sun fi nasu iyayen sakin fuska, wasu har suna kiran ɗan fari da sunansa, saboda haka wataƙila ba su buƙatar Samanja ya yi musu tsawa. Amma dattijon da ya tashi a tsohon tsari har yanzu ta waccan ƙofa kaɗai yake fitowa. Ɗan da yake son sanin wane ne mahaifinsa kafin ya zama mahaifinsa, hanya mafi sauƙi ita ce ya nemo tsohuwar waƙar ko tsohon wasan, ya zare abin kunne, ya ƙara murya, ya ajiye wayar kusa da tabarmar tsohon. Labarin na ɗaya a aji zai sake fitowa, nisan lakol zai ƙaru da kilomita ɗaya ko biyu, kuma a tsakanin wannan da wancan akan samu sunan wani aboki da ya rasu, ko na wani gari da aka je ci-rani, wanda ba a taɓa jin sa a gidan ba.